Gandun Cikin Badala

Birnin Kano ba ya bakin teku. Wanda ya bi hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko sai ya shafe kamar mil 700 kafin ya ga ruwan gishiri. Tsofaffi da yawa a Madabo da Yakasai da Jakara har suka bar duniya ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Calawa faɗi ba. Amma duk da haka, in hunturu ya kama, mutum ya tsaya bakin kududdufi da sassafe, yana iya ganin ɗan tsuntsu yana tsince-tsince cikin taɓo, wanda wata biyu da suka wuce ya ƙetare teku da fukafukansa. Wannan baƙo ya san teku, ya san hamada, ya kuma san Kano. Labarinsa, da na sauran halittun da ke zaune tare da mutanen birni, shi za a duba a nan.

Gandu a Bakin Teku

Kowa ya san gandun noma. Gandun daji kuwa wuri ne da hukuma ta keɓe, ta ce kada a yi farauta a ciki, kada a sari itace, kada a sa wuta, domin dabbobi da tsuntsaye su sami inda za su hayayyafa. Amurka ce ta fara kafa babban gandu na ƙasa irin wannan a 1872. A ƙasar nan an keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu zuwa kallo a 1962. Jihar Kano ma tana da nata a Falgore, can kudu a hanyar Jos. Dabarar kuwa ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, gama tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an hana farauta da saran itace a haramin Makka da na Madina.

Cikin gandayen da suka yi suna saboda tsuntsaye akwai wani a bakin tekun Atlantika, a ƙasar Muritaniya, ana ce da shi Banc d'Arguin. An kafa shi a 1976. Faɗinsa murabba'in kilomita 12,000 ne, watau ya fi rabin Jihar Kano. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren da ake adanawa domin duniya baki ɗaya. A can ne rairayin Sahara ya gangara ya shiga teku, ruwan wurin kuma ba shi da zurfi. Ruwan teku yana da wata ɗabi'a: sau biyu a kwana yakan cika ya hau tudu, sau biyu kuma yakan janye. In ya janye sai ya bar fili na taɓo da ciyawa iyakar ganin ido, cike da tsutsa da ƙaguwa da ƙananan koɗi. Wannan shi ne akushin tsuntsaye.

Da lokacin sanyi tsuntsayen taɓo sukan taru a wurin, an ƙiyasta su kusan miliyan 2. Daga arewacin Turai da Rasha suke zuwa, suna bin gaɓar teku. Banda su akwai 'yan ƙasa masu yin sheƙa a tsibiran wurin: kwasakwasa, da zalɓe iri iri, da wani dogon tsuntsu mai jaja-jajan gashi da lanƙwasasshen baki. A cikin ruwa akwai kunkurun teku, da wata dabba mai siffar kifi amma tana shayar da ɗanta nono, Turawa suna ce mata dolfin. A tudu kuma akwai dila da barewa.

Abin lura a wannan gandu shi ne ba a kori mutanensa ba. Akwai masunta da ake kira Imiragen, sun daɗe a wurin tun kaka da kakanni. An bar su suna su, amma da kwale-kwale mai tafiya da iska, an hana shiga da mai inji. Ke nan abu uku suka raya wurin: ruwa mai abinci, da mafakar da tsuntsu zai kwana ya yi ƙwai, da mutane masu kame hannunsu. Mai karatu ya riƙe waɗannan uku, domin birnin Kano ya taɓa mallakarsu duka, ba tare da wata hukuma ta kafa allo ta rubuta gandu ba.

Yadda Birni Ya Zama Mafaka

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, waɗansu sarakuna kuma suka ƙara. Mutanen da ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun haɗa da gonaki da fadamu da duwatsun Dala da Goron Dutse, domin in abokan gaba sun tsare ƙofofi mutane su sami inda za su yi noma, dabbobi su sami kiwo.

A cikin Janairu 1824 wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Clapperton ya shigo Kano. Ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000. Ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Ya kuma ba da labarin wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, kusa da kasuwa, inda ya ga agwagin ruwa da gauraki da ungulaye. Fadamar nan ita ce Jakara. Tun zamanin Barbushe akwai kurmi mai duhu a bakinta, mutanen lokacin suna jin tsoronsa. Kurmin ya tafi, sunansa ya tsaya a kan kasuwar Kurmi.

Banda Jakara akwai kududdufai. Birni da ƙasa aka gina shi. Duk tubalin da ya hau badala, da na soro da zaure da katanga, daga wani rami aka haƙo shi. In damina ta zo ramukan nan su cika, waɗansu su ƙafe da bazara, waɗansu kuwa ba sa ƙafewa. Ta haka kusan kowace unguwa ta sami ɗan tafkinta. Magina ba su yi niyyar yi wa tsuntsu masauki ba, amma sun yi masa.

Itatuwa kuma sunayen unguwanni sun isa shaida. Akwai Durumin Iya da Durumin Zungura, akwai Rimin Kira, akwai Ceɗiyar 'Yan Gurasa, akwai Kukar Bulukiya. A bayan gari ga Kurna ga Giginyu. Ba a sa wa wuri sunan itace sai in itacen ya girma har ya zama abin kwatance. Babban itace kuwa gari guda ne ga tsuntsaye: wani a ƙoli, wani a kogo, wani a ƙarshen reshe.

Abu na uku shi ne halin mutane. Yaron da ya ɗauki dutse zai jefi shamuwa, duk babban da ya gan shi zai tsawata masa, ko ba ɗansa ba ne. Ungulu kuwa ba mai cin namanta, ba mai kula ta, tana yawo tsakanin mahauta kamar kazar gida. Babu ɗan doka da ke tsaron wannan. Kunya ce da tarbiyya, da sanin cewa abin da bai cuce ka ba, ba ka da dalilin cutarsa.

'Yan Gida

A fara da ungulu, domin ita ce ma'aikaciyar tsabta ta farko da birni ya samu. Ba ta da kyan gani, ba ta da murya, amma Hausawa sun ba ta shaida da suka ce ungulu ba ta jewar banza. Inda duk aka yar da mushe, ko aka zubar da tumbi a kwata, kafin rana ta take ta share shi. Allah ya yi wa cikinta wani ruwa mai tsananin tsami, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Abin da zai kashe kare ko mutum, ita ta ci ta kwana lafiya. A ƙolin dogayen itatuwa take sheƙa, ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Mai karatu ya tuna da wannan ƙwai ɗaya, za a komo kansa.

Shirwa ita ce ɓarauniyar sama. Takan yi ta shawagi bisa kasuwa, wutsiyarta a rabe, in yarinya ta yi sakaci da faifan nama sai ta ji fyu, an tafi da tsoka. Masu kaji ba sa ƙaunarta. Amma ita ma tana kwashe ɓeraye da fara da matattun ƙananan dabbobi, ba ɗan tsako kaɗai ba.

Hankaka mai farar ƙirji an yi masa kirari da mai da ɗan wani naka. Mutanen da suna cewa ba ya ƙyanƙyasa, 'ya'yan wani yake ɗauka ya rena. Masu binciken tsuntsaye sun tarar yana yin ƙwansa kamar kowa, sai dai akwai wani tsuntsu mai wayo da ke faƙon idonsa ya zuba nasa ƙwan cikin sheƙarsa. Hankaka ya kwanta a kai, ya ƙyanƙyashe, ya yi ta ciyar da ɗan da ba nasa ba. Ashe dai waɗanda suka yi kirarin sun ga wani abu, fassarar ce ta bambanta: ba shi ya yi satar ba, shi aka yi wa dabara.

Balbela abokiyar makiyayi ce. Tana bin shanu domin ƙafafunsu suna tayar da fara da ƙwari daga ciyawa, ita kuwa tana cafkewa. Da magariba sai a ga sun jeru a sama suna komowa, su sauka kan itace ɗaya a bakin ruwa, har ya zama kamar an shanya fararen riguna. Marai kuma shi ne masaƙi. Namijin ne ke saƙa sheƙa da ɗanyar ciyawa a ƙarshen reshe, bakinta yana kallon ƙasa, domin maciji ya sha wuyar shiga. In ya gama sai ya rataya a jikinta yana kaɗa fukafukai, macen ta zo ta duba. In aikin bai gamshe ta ba ta yi gaba, shi kuwa ya sake sabo. Ga kuma kurciya da hasbiya a kan soraye, ga tsattsewa a ƙarƙashin rufin ƙofofi, ga mujiya a kogon kuka. An ɗora wa mujiya baƙin jini, alhali kuwa ba abin da take nema a gidan mutum sai ɓeran da ke cin hatsinsa.

A kan ruwa ana ganin kirinjijiya, agwagwar nan mai farar fuska da ke fito da dare in tana wucewa, da zalɓe wanda zai tsaya da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, har kifi ya manta da shi. A cikin ruwan akwai tarwaɗa da kwaɗi da kififiya, a gefensa akwai guza. Akwai kuma gaiwa, wadda al'amarinta abin mamaki ne. In kududdufi ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa ta shan iska, gama tana da huhu. Haka za ta zauna wata da watanni ba ci ba sha, jikinta yana cin kansa, har ruwan sama ya sauko ya tashe ta. Masu haƙar ƙasar gini sukan tono ta da ranta.

Da faɗuwar rana kuma sai jemagu. An daɗe da sanin manyan itatuwan Gidan Rumfa da su. Sukan tashi dubbai su bazu neman 'ya'yan ɓaure da ceɗiya da durumi da mangwaro. Mai lambu yana jin haushinsu, amma su ne ke ɗaukar irin itatuwa su yar da shi mil da yawa daga inda suka ci. Itatuwa da dama da ake hutawa a inuwarsu ba hannun mutum ya shuka su ba.

Baƙi Masu Zuwa da Komawa

Babbar baƙuwar ƙasar Hausa ita ce shamuwa. Wajen watan Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, sai a wayi gari a gan ta bisa tsamiya ko kuka, baƙin baya, farin ciki. Manomi ya gan ta ya san lokacin gyaran gona ya ƙure. Ba cikin daji take sheƙa ba, cikin gari take yi, kusa da mutane, domin ta san a nan ne ba mai taɓa ta. Abincinta fara ne da tsutsar da ke cin shuka, saboda haka kuɗin masaukinta a gona take biya. In damina ta ƙare sai ta kwashi 'ya'yanta ta yi kudu, har ƙasashen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne ruwa ke sauka. Ita dai duk shekara damina biyu take ci.

Shamuwa tana fita, baƙin hunturu suna shigowa. Waɗannan daga Turai suke. In sanyi ya rufe ƙasarsu, ƙwari suka ɓace, sai su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a ruwan farko da suka tarar. Waɗansu suna bin gaɓar teku su sauka irin su Banc d'Arguin, waɗansu kuwa suna ratsa tsakiyar hamada su faɗo ƙasar Hausa da Barno. Cikinsu akwai ƙananan agwagi, da tsuntsayen taɓo masu dogayen ƙafafu, da farar shamuwa ta Turai. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, mai yawan kaɗa wutsiya, yana bin sawun shanu a fadama. Nauyinsa bai fi na ƙwayar goro ba. In Maris ya yi sai ya dage da ci, ya tara kitse, domin kitsen nan shi ne guzurinsa na ƙetare hamada, inda babu ruwa babu inuwa.

Turawa da kansu sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. Har masanansu sun taɓa cewa tsattsewa cikin taɓon tafki take shiga ta yi barci sai bazara, kamar dai yadda gaiwa ke yi. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na mutanen Afirka, tsawonsa ya kusa kamu biyu, ya huda wuyanta. Da shi ta yi tafiyar nan duka. Har yanzu tana ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmark mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Da wannan dabara aka gane hanyoyinsu. A Kano ma an yi wannan aiki, kuma a 1981 waɗansu masana biyu, Sharland da Wilkinson, suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano, lokacin tana haɗe da Jigawa.

Babban masaukin waɗannan baƙi a arewa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwan Kogin Kano da na Calawa ke bazuwa bayan sun haɗu. A can ne ake da mafakar tsuntsaye ta Dagona, cikin gandun Tafkin Cadi da aka kafa a 1991. Kududdufan birni ƙananan zango ne a kan wannan babbar hanya. Fatake sun san darajar ƙaramin zango: ba a nan za a sauke kaya a zauna ba, amma in babu shi ba a kai babban.

Abin da Ya Sami Gandun

Birnin da Clapperton ya ƙiyasta da dubu arba'in yau mutanensa da na kewayensa miliyoyi ne. Gonakin cikin badala sun zama unguwanni. Badalar kanta ta zube a wurare da yawa, an kwashe ƙasarta, an yi gini a gurbinta. Da bulo da siminti suka maye gurbin tubali, sai aka daina haƙa sababbin ramuka, tsofaffin kuma aka shiga cike su da shara, in sun cika a yanka filoti. An yi wa Jakara magudana ta siminti, ruwan da ke bin ta kuwa na kwatami ne. Manyan itatuwa sun tafi wajen faɗaɗa titi da neman itacen girki. Unguwar tana amsa sunan durumi, durumin babu.

Gaskiya ce kududdufi yana da illa. Yana haifar da sauro, yana sa tsargiya ga yaran da ke wanka a ciki, yakan kuma ci rai. Wanda ɗansa ya nutse ba za a yi masa wa'azin kirinjijiya ba. Mai neman inda zai sa iyalinsa kuma ba laifi ya yi ba. Amma a duba ɗaya gefen. Ruwan da ke sauka a Agusta yawansa bai ragu ba domin an cike ramin da yake taruwa. Da ya rasa gidansa sai ya shiga na mutane. Unguwannin da aka gina bisa tsofaffin kududdufai su suka fi sanin wannan. Game da sauro kuma, ruwa mai rai, mai kifi da kwaɗi, yana cinye 'ya'yan sauro da yawa. Kwatamin da leda ta toshe, wanda ba abin da ke rayuwa a ciki, sauro ba shi da abokin gaba a nan.

Ungulu kuwa ta kusa zama labari. Yaro ɗan shekara 15 a birni yana iya yin karin magana da ita bai taɓa ganinta ba. Dalilan sanannu ne. An sare itatuwan sheƙarta. Ana sa guba a mushe domin kashe waɗansu dabbobi, ita ta ci ta mutu. Mafi muni, ana kama ta ana sayar da kanta da ƙafafunta da ƙwanta ga masu tsibbu, nan da ƙasashen maƙwabta. Tsuntsuwar da ke yin ƙwai ɗaya a shekara ba ta iya mayar da gurbin abin da ake ɗiba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramar hasara ce ya ji abin da ya faru a Indiya. Daga wajen 1990 ungulayen ƙasar suka shiga mutuwa, har fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗansu iri suka ƙare. Daga baya aka gane wani maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu, mai suna diclofenac. In saniya ta mutu da shi a jikinta, ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace. An hana ba dabbobi shi a 2006, amma kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili, ruwan sha ya ɓaci, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan rabin miliyan cikin shekara 5. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Gauraka ma haka. Kyansa ne ya jawo masa. An yi ta kama shi ana kai wa gidajen masu hali domin ado, fadamun da yake ƙwai kuma suka zama gonaki. Yau da wuya a gan shi a dajin Nijeriya, sai a tsakar gidan wani, an yanke masa fiffike, ko a gidan zu. Shamuwa kuma ta ja baya zuwa ƙauyuka, inda sauran tsamiya da kuka suke.

Abin Yi

Doka tana nan. An yi dokar kare namun daji ta Jihar Arewa a 1963, Gwamnatin Tarayya kuma ta yi tata a 1985 domin hana cinikin halittun da ke shirin ƙarewa. Amma doka a takarda take, ba ta hawa itace ta tsare sheƙa. Ba kuma za a mai da birnin Kano Banc d'Arguin ba, ba wanda zai rushe gidansa domin zalɓe. Abin da ya rage shi ne a riƙe ɗan abin da ya saura, kuma yawancinsa yana hannun talaka.

Kududdufin da ya rage a unguwa, masu unguwa da dattawa suna iya tsayawa a daina zuba masa shara, a nemi hukuma ta kewaye shi domin yara, a dasa itatuwa a bakinsa. Mai gida da ke da fili ko na shimfiɗa tabarma biyu ne, ya dasa itace, ya fi kyau irin na ƙasa, kamar tsamiya ko ceɗiya ko kurna, waɗanda tsuntsayen nan suka saba da su. Da bazara a ajiye kasko da ruwa a gindin katanga. Ba a kwana uku sai an ga masu zuwa sha. Wanda aka ce ya kawo kan ungulu domin a yi masa maganin arziki, ya tambayi kansa wane arziki ke cikin kashe mai share masa gari. Mafarauci ko masunci da ya sami tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kai wa ma'aikatan gandun daji ko malaman jami'a, gama lambar nan wasiƙa ce daga wata ƙasa.

Babban aiki kuwa yana ga wanda ya iya karatu. Yaro ba ya jin tausayin abin da bai san sunansa ba. In duk abin da ke tashi sama sunansa tsuntsu, to danƙo ne zai raba su. Amma in uba ya nuna wa ɗansa ya ce wannan marai ne, dubi saƙarsa, waccan kirinjijiya ce, saurari fitonta, wancan kuwa baƙo ne daga bayan teku, nauyinsa bai fi goro ba, yaron zai sauke hannunsa ya tsaya kallo. Mai karatu ya sami ɗan littafi, ya zauna da tsofaffin unguwarsu, ya rubuta sunayen tsuntsaye da dabbobin da suka sani, da watan da kowanne ke zuwa, da inda ake ganinsa a da. Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuwa da nasa sanin yake tafiya.

Kano ta yi suna wajen karɓar baƙi. Balarabe ya zo ya sami unguwa, Banufe ya zo ya samu, Babarbare da Bayarabe haka. Masu fukafukai sun riga su duka zuwa, kuma ba su taɓa neman fiye da reshe da ɗan ruwa ba. Allah ya sa jikokin masu karatun nan su ga shamuwa bisa tsamiyar ƙofar gidansu, su san damina ta kusa. Amin.